Kafin ka ɗauki amarya zuwa Agadas

Saura mako biyu ɗaurin aurensa, wani ƙanena ɗan 'Yankuzo da ke sayar da kayan waya a Gusau ya same ni da wayarsa a hannu. Bidiyo ne na wasu ma'aurata zaune kan tudun rairayi, rana na faɗuwa, raƙumi a gurfane bayansu. Ya ce, "Yaya, nan nake so in kai ta in an gama biki. Agadas." Na ce ta wace hanya? Ya yi jim, ya ce ai direba ya sani.

Ban yi masa dariya ba. Yawon amarci baƙon abu ne a wurinmu, tsofaffi ma suna ganin rashin ta-ido ne a fita da yarinya tun lallen hannunta bai goge ba, amma ni ban ga aibun miji ya nuna wa matarsa duniya ba. Abin da ya dame ni shi ne ya ga ƙarshen tafiyar, farkonta bai ko waiwaya ba. Ga wanda zai tashi daga Tsafe ko Bunguɗu kuwa, farkon shi ne abin tsoro.

Kakanninmu fatake sun fi mu tafiya nesa, kuma ba su taɓa fita da ka ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ya san kowace rijiya, an san zangon da za a kwana tun kafin a ɗaura kaya, kuma ba a tashi sai damina ta ɗauke. In labari ya zo cewa hanya ta ɓaci, sai a zauna, ko da wata guda ne. Wannan haƙurin ne ya kamata ango ya ara.

Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ba ta buƙatar dogon bayani ga mutumin nan. Kowa ya san wanda aka tare, ko wanda aka tara wa kuɗin fansa. Amarya da sabbin akwatuna da sarƙar zinare a wuya talla ce. A bar zinare a gida, a shiga motar tasha da rana tsaka lokacin da motoci ke bin juna, kada a tashi da asubar fari, kada kuma la'asar sakaliya ta same ku a hanya. Ranar tafiya kada ta hau Facebook, kada ta zama hirar gidan biki. Mutum ɗaya a gidanku, ɗaya a gidansu, su san hanyar da za ku bi da inda za ku kwana, ya isa. Lambobinsu kuma a rubuta a takarda. Wanda ya zauna Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya, ya san waya ba abin jingina ba ce.

Abin takaici, tsohon birnin da ya fi kusa da mu shi ne ya fi wuyar zuwa. 'Yandoto tana nan cikin ƙasar Tsafe, garin malamai da ɗalibai suka riƙa yi wa tattaki tun kafin jihadi, har Muhammadu Bello ya ci ta a farkon ƙarni na 19. Sunanta bai mutu ba, shi ya sa ake ce wa sarkin Tsafe 'Yandoton Tsafe. Amma yau ba zan tura kowa da matarsa kallon kufai a wannan daji ba. Dutsen Kwatarkwashi ma, in ba wani ɗan gari ya ce muku lafiya ba, ku more shi ta tagar mota.

Daga Funtuwa a bi ta Zariya a shiga Kano. Nan kaɗai kwana uku ba sa isa: Dutsen Dala da sassafe, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, da karofin Ƙofar Mata inda har yanzu ake rini da baba. Daga Kano Daura na kusa, ga rijiyar Kusugu, Katsina kuma ga hasumiyar Gobarau. A riƙe takardar shaidar aure a jaka, domin akwai masaukin da zai tambaya, kuma ba daɗi a tsaya ana rantse-rantse gaban baƙi da amarya a gefe.

Lokaci ma sai an zaɓa. Tsofaffin biranen nan ginin ƙasa ne, ginin ƙasa kuwa ba ya shiri da ruwa. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Bazara kuma, Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a arewa, ga sanƙarau na yawo. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma a tafi da bargo da man shafawa, don sanyin daren Sahara ya fi na hunturun Gusau cizo.

Tsallaka iyaka wani karatu ne dabam. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, sai a Maris na 2024 aka buɗe, sannan a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Abin da wani ya wuce da shi bara ba lallai ya wuce da ku bana ba, don haka a je ofishin shige da fice a tambaya da baki. Kowa da fasfonsa, kowa da katin allurar shawara, wadda ake yi aƙalla kwana 10 kafin tafiya. In ana zaton amarya ta samu juna biyu, a faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin allurar, domin ba kasafai ake yi wa mai ciki ba. Hasali ma in akwai ciki, hanyar hamada ta jira.

Ga wata magana da maza ba sa son ji. Matarka ta riƙe takardunta da kanta, da kuɗin da zai iya mai da ita gida, da lambar wani nata. In aka tsare ka a shinge, ko ciwo ya kwantar da kai, kada ta tsaya a ƙasar da ba ta san kowa ba hannu rabbana. Ku kuma yi yarjejeniya tun a ɗaki cewa duk wanda hankalinsa bai kwanta ba ya ce a juya, za a juya, ba gardama.

Damagaram ba ta da nisa daga Daura ta Kwangwalam da Matamaye, kuma Hausa za ku yi ta ji har ku manta kun bar gida, sai an zo ciniki. Can da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5. Mai kilishi in ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, jika kuwa sefa 1000. Baƙi da yawa sun sha kunya a nan.

Daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut tafiya ce ta fiye da kilomita 400, gari nesa da gari. Agadas ta cancanci wahalar: hasumiyar masallacinta ta ƙasa zalla, mita 27, an fara gina ta a ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Sai dai a cikin garin nan aka sace wata 'yar Ostiriya a Janairun 2025, aka sake sace wata 'yar Suwizalan a Afrilu. Turawa aka nufa, gaskiya ne, amma hakan na nuna yadda tsaron yake. Bayan gari kuma, wajen duwatsun Azbin da Tenere inda ake ɗaukar irin bidiyon ƙanena, akwai wuraren da aka binne nakiyoyi a tawayen 2007 zuwa 2009, kuma masu nufar Dirku da Bilma rakiyar soja suke bi. Ba a shiga da mota ɗaya, ba a shiga ba jagaba ɗan ƙasa, ba a shiga ba sanin hukuma.

Wanda yake ganin tsoratarwa ce ya tuna Oktoban 2013. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Aljeriya, suka lalace a hanya. Gawa 92 aka tsinta, mafi yawansu mata da yara, akasarinsu Hausawan yankin Kance. Ƙishirwa ce ta kashe su, ba harsashi ba. Su ma direba ne ya san hanya. A kuma yi hattara da ɗan tashar da zai ce zai kai ku kallon rairayi da araha, domin hanyar masu yawon buɗe ido da ta masu safarar mutane zuwa Libiya bakinsu ɗaya a Agadas.

Ƙanena dai ya kai amaryarsa Kano da Daura, kwana shida. Ta dawo da turmin shadda da aka rina a gabanta a Ƙofar Mata, ta ba surukarta rabi. Bidiyon yana nan cikin wayarsa bai goge ba. Ranar da na je ganin ɗakinsu ya ce, "Yaya, fasfo nawa ake yi yanzu?"