Wa Zai Ɗauki Karen Illela?

A 1977 aka buɗe wasan waƙe na Annie a Broadway, Amurka. Sandy, karen wasan, daga gidan ajiye yasassun karnuka aka ɗauko shi. Shin irin wannan wasa zai karɓu a Illela? A ganina, cikas na farko na harshe ne: a wurin Bahaushe yaro ake riƙo, kare kuwa sai gadi ko farauta.

Amma karnukan da ba su da ubangida ba sa nuna fasfo tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, kuma cizon mahaukacin kare kisa yake yi. Don haka da ni ke tsara wasan, mafarauci ne zai tsinci ɗan kwikwiyo ya kai shi rigakafi, ana kiɗan farauta, yara na amshi cewa wurin cizo a wanke shi da sabulu minti 15, sannan a garzaya asibiti.