Gidan Ɗan Hausa da Itatuwansa

'Yan'uwa, duk wanda ke koyon aikin malanta ya kamata ya san gidan nan da ke Nasarawa, bayan birnin Kano. A nan ne Hanns Vischer, Baturen da jama'a suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya zauna, a Nasarawan kuma ya buɗe makarantar boko ta farko ta Gwamnati a Arewa cikin 1909. Shi ya rasu a 1945, amma gidan na nan tsaye, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi.

To, me ya riƙe shi? Da tubali aka gina shi, watau curin jar ƙasa da aka cuɗa aka shanya a rana. Bangonsa kauri gare shi ƙwarai a gindi, yana tashi yana tsukewa. Saboda kaurin nan zafin rana ba ya saurin ratsawa, sai ka iske ɗaki da sanyi ko da bazara. Rufin kuwa na azara ne, wadda ake tsagowa daga giginya, don gara ba ta cika cinta ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida. Don haka magina suka yi dabarar bakan gizo: su jera azara, wannan bisa wannan, tana rusunawa daga bango har ta gamu da 'yar'uwarta a tsakiya. A bisa ga zankwaye, ga indararo mai jefa ruwan sama nesa da bango.

Filin gidan akwai manyan itatuwa masu inuwa. Kada a ɗauka ado ne kurum. Inuwa tana sanyaya iska kafin ta shiga taga, ganye kuma yana rage ƙurar hunturu. Ban da wannan, ginin ƙasa da itace yake rayuwa: giginya ta ba da azara, ɗorawa ta ba da makuba, wadda ake jiƙawa a kwaɓa a yi yaɓe don ruwa ya zame.

Ga abin lura. Gidan ƙasa ba ya jure sakaci. In damina biyu ko uku ta wuce ba gyara, sai ya tsage. Mu nan Mahuta bulo da kwano muka fi gani, yara da yawa kuwa ba su san azara ba. In mun fita koyarwa, mu nuna musu, mu sa su dasa giginya da ɗorawa a filin makaranta. Allah ya taimake mu.