Abubakar Imam Ɗan Kagara Ne, Kuma Ɗan Jarida Ne

Duk lokacin da aka tayar da zancen Alhaji Abubakar Imam, sai musu ya kaure tsakanin Katsinawa da Zagezagi, kowa na cewa nasa ne. Duka suna da abin kafa hujja, domin a Katsina ya yi karatu ya kuma koyar, a Zariya ya yi aikin da ya fito da sunansa, can kuma ya rasu a 1981. Amma cibiyarsa a Kagara aka binne ta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a yau, inda aka haife shi a 1911 a gidan alƙalin garin, Malam Shehu Usman.

Abin da ya kai shi Katsina zumunci ne. Yayansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a can, shi ya riƙe ƙanen har ya shiga Kwalejin Katsina. Da aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, littattafai 5 aka zaɓa aka buga, 2 daga ciki kuwa na 'ya'yan gida ɗaya ne: Ganɗoki na Bello da Ruwan Bagaja na Imam. Bello ya maƙala sunan garin a jikin nasa. Imam kuwa ba da sunan garin ya yi fice ba, shi ya sa asalinsa ya shige wa mutane duhu. Wannan shi ne kuskure na farko.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Mafi yawan masu karatu sun tsayar da Imam a kan littafinsa Magana Jari Ce, kamar dai aikinsa ya ƙare a bakin aku. Alhali tun daga Janairun 1939, da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, shi ne editanta na Hausa, yana aiki tare da Bature Rupert East, kuma ya shafe fiye da shekara 10 a kujerar. Jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, ga Razdan ta sama, ga sarakuna ta gefe, ga talaka yana aiko da wasiƙar kuka a kan haraji ko zaluncin hakimi. Edita a irin wannan wuri tamkar mai dakon ƙwai ne a cikin cunkoson kasuwa, dole ya isar da kayan, kuma kowane taku sai ya auna. Imam ya iya wannan taku. Yakan faɗi magana mai nauyi da lafazin ladabi, mai mulki ya ji a jikinsa amma ya rasa inda zai kama.

A 1943 ya shiga tawagar editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. Da aka rubuta takardar neman tsarin kaiwa ga mulkin kai, ya ƙi sa hannu, saboda a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai a ilimin zamani kuma ba a tuntuɓi mutanenta ba. A wannan tafiya ya gana da tsohon Gwamna Lugard, ya kuma rubuta masa ƙorafin yadda Turawa ke sauraren sarakuna kaɗai suna watsi da matasa 'yan boko. Daga baya yana cikin waɗanda suka aza harsashin Jam'iyyar Mutanen Arewa. Wannan aikin ɗan jaridar siyasa ne cikakke.

Yawancin 'yan Najeriya kuwa ba su san sunan Kagara ba sai ranar 17 ga Fabrairu, 2021, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke garin, suka kashe ɗalibi 1, suka kwashe mutum 42, ciki har da ɗalibai 27. Hotunan da suka bazu a lokacin sun nuna ɗakunan kwana da rufi ya yaye, bango ya tsattsage. An sako mutanen bayan kwana 10. Mahukunta sun yi ta maganar tsaro, amma lalacewar ginin ta riga zuwan 'yan bindiga da shekaru.

Gwamnatin Neja da Masarautar Kagara suna da hanya mai sauƙin kuɗi ta riƙe Imam a matsayin nasu. A nemo kwafin tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo na zamanin Imam, a ajiye su a ɗakin karatu a garin, a kuma sa malaman makarantun Rafi su riƙa karanta wa ɗalibai sharhinsa na edita tare da labaransa.