Hannun Jari a Tsallaken Iyaka: Kasuwar Legas, Kasuwar Abijan da Masana'antun Kano

Hannun jari wani kaso ne na mallakar kamfani, wanda mai shi ke karɓar rabonsa na riba, yake kuma da ƙuri'a a babban taron shekara. Idan kamfani ya yi rajistar hannayen jarinsa a kasuwa domin kowa ya iya saye da sayarwa, yana ɗaukar alkawarin bayyana lissafin kuɗinsa da bin dokokin hukumar da ke sa ido a kan kasuwar. Rajistar tsallaken iyaka kuwa ita ce kamfani ya shiga kasuwar wata ƙasa bayan ta gida, abin da ke sa shi ƙarƙashin hukumomi biyu da kuɗi iri biyu. Muddin gwamnatocin biyu na ɗasawa, wannan aiki ne na lauyoyi da akantoci. Ranar da suka ɓata, sai a fara tambayar wace hukuma ce maganarta ke gaba.

Masana'antun Kano sun dace da nazarin wannan batu, domin kasuwarsu ta daɗe da wuce iyakar Najeriya. Majemun Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso suna jeme fatun da wasu daga cikinsu ke shigowa daga Nijar, yayin da robobi da sabulu da takalman da ake ƙerawa a Sharaɗa da Bompai ke bin hanyar Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Duk da haka, kaɗan ne daga cikin waɗannan kamfanoni suka taɓa shiga kasuwar hannun jari, ko da yake ta buɗe reshe a Kano tun 1989. Kamfanin niƙa alkama na Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai yana cikin 'yan ƙalilan ɗin. Akasarin sauran mallakar iyali ne, waɗanda suka gwammace rancen banki ko jarin 'yan uwa a kan buɗe littattafansu ga baƙo.

Attajirin Maraɗi da ya so sayen kaso a irin wannan kamfani zai tarar da tsari biyu da ba su yi kama da juna ba. A Najeriya akwai kasuwar da aka kafa a Legas a 1960, wadda ake kira NGX tun 2021, hukumar SEC ce ke sa mata ido, ana kuma ciniki da naira. Nijar ba ta da kasuwa tata ita kaɗai: tana cikin BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998 domin ƙasashe 8 masu amfani da sefa na ƙungiyar UEMOA, ƙarƙashin hukuma guda mai suna AMF-UMOA, kuma a nan ne ake cinikin hannayen jarin bankin BOA na Nijar. Dokar kamfanonin Najeriya ta samo asali ne daga ta Ingila, ta Nijar kuwa tana bin tsarin OHADA da ƙasashen renon Faransa suka amince da shi a 1993. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa an sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023.

An yi ƙoƙarin haɗa waɗannan kasuwanni. Bankin Ecobank, mai hedikwata a Lome, ya yi rajista a Legas da Akara da Abijan a 2006, sannan a 2013 aka kafa majalisar WACMIC domin dillalin wata ƙasa ya iya sayayya a kasuwar maƙwabciya, da farko ta hannun dillalin can, daga baya da lasisinsa na kansa. Hukumomin sa ido ma sun kafa tasu ƙungiyar, WASRA, a 2015. Sai dai ginshiƙin duk wannan shiri shi ne zaton cewa ƙasashen za su ci gaba da zama a inuwar ECOWAS.

Wannan zato ya rushe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai. ECOWAS da UEMOA sun ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, BCEAO, babban bankin ƙasashen UEMOA da ke Dakar, ya soke sayar da takardun bashin gwamnatin Nijar na sefa biliyan 30 da aka shirya yi a ƙarshen watan, aka kuma riƙe asusunta, har ta kasa biyan masu binta a kan lokaci. An ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairun 2024, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata a 29 ga Janairun 2025. Ƙasashen uku ba su bar UEMOA ko sefa ba, saboda haka kamfanoninsu suka ci gaba da zama a kasuwar Abijan. Alaƙar kuɗi ta fi ta siyasa jure wa girgiza, amma wannan alaƙa da Abijan da Dakar Nijar take da ita, ba da Legas ba.

A nan ne bambancin haja da hannun jari yake fitowa fili. Idan an rufe ƙofar Jibiya, buhun gero ko dilar atamfa na iya bin ɓarauniyar hanya, a canza kuɗin a kasuwar canji ta Wapa da ke Kano, amana tsakanin mai kaya da maigidansa ta cike gurbin takarda. Hannun jari ba shi da irin wannan hanya, domin ba komai ba ne illa suna a cikin rajistar ma'ajiya, wato kamfanin da ke riƙe da lissafin wane ne ya mallaki me: CSCS a Legas, DC/BR a Abijan. Kafin kaso ya tashi daga wannan rajista zuwa waccan, dole hukumomin biyu su yarda da binciken juna, bankuna su iya tura kuɗi, kotun wannan ƙasa kuma ta mutunta haƙƙin ɗan waccan. A Najeriya, mai zuba jari daga waje yana buƙatar takardar shaidar shigo da jari daga banki kafin ya iya fitar da ribarsa ta halattacciyar hanya, takardar kuma ba ta da amfani a lokacin da aka haramta hulɗar kuɗi da ƙasarsa.

Akwai kuma abin da ke tsorata gwamnatoci ko da babu rikici. Idan kaso ɗaya yana da farashi biyu da kuɗi biyu, kwatanta su yana tona ainihin darajar kuɗin ƙasa, mutum kuma na iya saye a gida ya sayar a waje, ya fitar da dukiyarsa ba tare da ya bi ta babban banki ba. Wannan ne ya sa Zimbabuwe ta dakatar da cinikin hannayen jarin kamfanin Old Mutual a 2020. Tsakanin Amurka da Sin kuwa, rigimar a kan littattafan masu binciken kuɗi ce: dokar Amurka ta 2020 ta yi barazanar korar kamfanonin Sin daga kasuwanninta, sai da aka cimma yarjejeniyar ba da damar dubawa a Agustan 2022.

Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, kuma idan ya kammala, kayan Sharaɗa da Challawa za su ƙara samun sauƙin isa can. Jarin da ke bayan irin waɗannan harkoki kuwa yana bin doguwar hanya. Kamfanin Airtel Africa, wanda ke da masu amfani da layinsa a Kano da Maraɗi baki ɗaya, ya yi rajistarsa a 2019 ne a Landan da Legas, saboda haka ɗan Nijar da ke son kaso a cikinsa ba zai same shi a kasuwar Abijan ba, sai ya nemi dillali a ɗaya daga cikin biranen biyu, ya kuma mayar da sefarsa fam ko naira.