Daga Masana'anta Zuwa Tsibiri: Bunƙasar Masana'antun Amurka da Salon Mamayarta a Ƙetare, 1865–1914

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin bunƙasar masana'antun Amurka bayan yaƙin basasarta da yadda ƙasar ta miƙa hannu zuwa ƙetare kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. An bi diddigin abubuwan da suka gina masana'antun, da karayar tattalin arziki ta 1893, sannan an nazarci yadda Hawai da Kyuba da Filifin da Panama suka shiga hannun Amurka. Maƙalar ta nuna cewa masana'antu ba su kaɗai suka haddasa mamayar ba, amma su suka zana mata fasali. Shi ya sa Amurka ta fi mai da hankali ga tashoshin jiragen ruwa da mashigai da kasuwanni, maimakon manyan yankunan mulkin mallaka irin waɗanda Turawa suka kafa a Afirka.

Fitilun Kalmomi: masana'antu, jari-hujja, mulkin mallaka, Amurka, kasuwa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1903, sa'ad da sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato, Amurka ita ma tana shimfiɗa nata iko a wani ɓangaren duniya. A watan Nuwamban shekarar ne ta mara wa masu ɓallewa daga ƙasar Kolombiya baya, aka kafa ƙasar Panama, kuma cikin makonni biyu ta samu izinin haƙa mashigin ruwa a can. Duk biyun mamaya ce, sai dai salonsu ya bambanta. Birtaniya ta karɓi ƙasa da jama'arta, ta naɗa razdanoni, ta aza haraji. Amurka kuwa zirin ƙasa mai faɗin mil 10 ta yanka, ta bar wa mutanen Panama tutarsu da gwamnatinsu.

Ɗalibin tarihin mulkin mallaka da ya saba da salon Birtaniya da Faransa zai iya ɗaukar cewa Amurka ba ta shiga wannan harka ba, tun da dai ta halarci taron Balin na 1884–1885 ba ta nemi ko taki ɗaya a Afirka ba. Hasali ma ta shiga, ta wata ƙofa daban. Fahimtar wannan ƙofa tana buƙatar a fara daga cikin gida, wato daga layin dogo da ƙarfe da mai.

2.0 Tubalan Bunƙasar Masana'antu

Yaƙin basasa na 1861–1865 ya kawo ƙarshen bauta, ya kuma karya ƙarfin siyasar masu gandayen auduga na Kudu, waɗanda suka daɗe suna adawa da tsauraran kuɗin fito a kan kayan waje. Daga nan masu masana'antu na Arewa suka samu gwamnati mai kare su daga gogayyar kayan Ingila, mai kuma raba wa kamfanonin jiragen ƙasa filaye kyauta.

Layin dogo shi ne ƙashin bayan wannan zamani. A ranar 10 ga Mayun 1869 aka haɗa layin da ya ratsa nahiyar zuwa gaɓar Tekun Fasifik, a yankin Utah. Tsawon layukan ƙasar ya tashi daga kimanin mil 35,000 a 1865 zuwa kimanin mil 193,000 a 1900. Wannan ya mayar da ƙasar kasuwa guda, ya kuma haifar da buƙatar ƙarfe mai yawan gaske. Andrew Carnegie ya buɗe babbar masana'antarsa kusa da birnin Pittsburgh a 1875, yana amfani da dabarar Bessemer ta hura iska cikin narkakken ƙarfe domin tace shi cikin sauri da arha. Zuwa 1900 Amurka tana fitar da fiye da tan miliyan 10 na tataccen ƙarfe a shekara, sama da ninki biyu na abin da Birtaniya ke fitarwa. A 1901 J. P. Morgan ya sayi kamfanin Carnegie ya haɗa shi da wasu, aka kafa U.S. Steel da jarin da ya kai dala biliyan 1.4.

Haka abin yake a harkar mai. An haƙa rijiyar farko mai riba a jihar Pennsylvania a 1859, sannan John D. Rockefeller ya kafa Standard Oil a 1870. Cikin shekara goma kamfanin ya mallaki kimanin kashi 90 cikin 100 na aikin tace mai a ƙasar. A wancan lokaci kananzir ne babbar hajar, domin mota ba ta yaɗu ba tukuna, kuma kaso mai tsoka na kananzirin waje ake kai shi.

Ba a yi wannan gini a banza ba. Yawan jama'a ya tashi daga miliyan 31 a 1860 zuwa miliyan 76 a 1900, kuma baƙin haure daga Turai da Sin ne suka cika ma'adinai da masana'antu, suna aikin awa 10 zuwa 12 a kan ɗan albashi. Filayen da layin dogo ya ratsa kuwa na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda aka kora da ƙarfin bindiga aka tsugunar a keɓaɓɓun wurare. Kisan gillar da aka yi wa ƙabilar Lakota a Wounded Knee a Disambar 1890 ya zo ne a shekarar da hukumar ƙidaya ta bayyana cewa babu sauran iyaka tsakanin yankin da baƙi suka zauna da wanda ba su zauna ba. Ke nan mamayar ƙetare ci gaba ce ta wata mamaya da aka riga aka kammala a cikin nahiyar.

3.0 Matsalar Rarar Kaya

Masana'antar da aka zuba wa jari mai yawa ba ta iya tsayawa ba tare da asara ba, domin bashin banki da kuɗin injuna ba sa jiran kasuwa ta gyaru. Saboda haka kamfanoni suka ci gaba da fitar da kaya ko da farashi ya faɗi. Manoma ma sun shiga irin wannan hali, alkama da auduga suna ƙaruwa farashinsu yana raguwa.

Abin ya kai intaha a karayar 1893, lokacin da bankuna kimanin 500 da kamfanoni kimanin 15,000 suka durƙushe, miliyoyin ma'aikata suka rasa aiki. Yajin aikin masana'antar ƙarfe ta Homestead a 1892 da na kamfanin Pullman a 1894 duk sai da aka tura sojoji kafin a murƙushe su. Masu jari da 'yan siyasa da dama suka fassara lamarin da cewa ƙasar tana samar da fiye da abin da jama'arta za su iya saye. Mafita biyu ce a gabansu: a ƙara wa ma'aikaci da manomi kuɗin shiga domin su sayi kayan, ko a nemo masu saye a waje. Ta biyun ba ta taɓa ribar kowa ba, ita aka fi runguma. A 1895 aka kafa ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa a birnin Cincinnati, kuma faɗaɗa kasuwar waje yana cikin manyan manufofinta. Darajar kayan da Amurka ke fitarwa ta tashi daga ƙasa da dala miliyan 400 a 1870 zuwa kusan dala biliyan 1.4 a 1900.

4.0 Kwal, Jiragen Ruwa da Tsibirai

Fasahar zamanin ce ta nuna inda za a dosa. Jirgin ruwa mai tururi da kwal yake tafiya, kuma ba ya iya ratsa Tekun Fasifik ya yi yaƙi ya dawo ba tare da ya tsaya ya yi lodi ba. A littafinsa na 1890 kan tasirin ƙarfin sojan ruwa ga tarihi, Alfred Thayer Mahan ya jera abubuwa uku masu riƙe da juna: samar da kaya a gida, jiragen da za su kai su, da sansanoni a ƙetare da za su ciyar da jiragen su kuma kare su. Bisa wannan tunani, ƙaramin tsibiri mai kyakkyawar tasha ya fi makekiyar ƙasa marar gaɓa amfani.

4.1 Hawai

Hawai masarauta ce mai cin gashin kanta, amma yarjejeniyar 1875 da ta bai wa sukarinta damar shiga Amurka ba tare da kuɗin fito ba ta ɗaure arzikinta ga kasuwa guda. Gandayen raken kuma galibi na Amurkawa ne, ciki har da 'ya'yan 'yan mishan. A 1887 Amurka ta samu izinin amfani da tashar Pearl Harbor. Dokar kuɗin fito ta McKinley ta 1890 ta cire haraji a kan ɗanyen sukarin kowace ƙasa, ta kuma ba masu noman cikin gida tallafi, sai fifikon Hawai ya ɓace dare ɗaya. Hanya mafi sauƙi ga masu gandaye ita ce Hawai ta zama cikin gida. A Janairun 1893 suka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani, sojojin ruwan Amurka suna tsaye a birnin Honolulu. Shugaba Cleveland ya ƙi amincewa da haɗe tsibiran, sai a 1898 aka yi hakan a ƙarƙashin McKinley.

4.2 Yaƙin 1898

Mutanen Kyuba sun sake tayar wa Sifaniya a 1895, a lokacin da jarin Amurkawa a tsibirin ya kai kimanin dala miliyan 50, akasari a harkar sukari. Fashewar jirgin yaƙin Maine a tashar Habana ranar 15 ga Fabrairun 1898, inda mutum fiye da 260 suka mutu, ta ba jaridu da 'yan majalisa abin da suke nema. Abin lura shi ne, yaƙin da aka ce na 'yantar da Kyuba ne, karonsa na farko mai girma a gaɓar Manila aka yi shi, ranar 1 ga Mayu, dubban mila-milai daga Kyuba amma dab da kasuwar Sin.

Yarjejeniyar Faris ta Disambar 1898 ta miƙa wa Amurka Puerto Rico da Guam da Filifin, ta biya Sifaniya dala miliyan 20. 'Yan kishin ƙasar Filifin a ƙarƙashin Emilio Aguinaldo, waɗanda suka riga suka ayyana 'yancinsu, ba su yarda a sayar da su ba. Yaƙin da ya biyo baya daga 1899 zuwa 1902 ya ci sojojin Amurka fiye da 4,000, da mayaƙan Filifin kimanin 20,000, da fararen hula da aka ƙiyasta sun kai 200,000, mafi yawansu ta dalilin yunwa da annoba. Kyuba kuwa an ba ta 'yanci a 1902, bisa sharaɗin da aka tilasta mata sawa a tsarin mulkinta cewa Amurka na da ikon tsoma baki, sannan ta ba da hayar gaɓar Guwantanamo a 1903.

4.3 Buɗaɗɗiyar Ƙofa da Mashigin Panama

A ƙasar Sin, inda Birtaniya da Jamus da Rasha da Faransa da Japan ke yanka wa kansu yankunan tasiri, sakataren harkokin waje John Hay ya aika musu da wasiƙu a 1899 yana neman a bar ƙofar ciniki a buɗe ga kowa bisa sharuɗɗa ɗaya. Manufa ce da ta dace da mai kaya mafi arha, domin wanda ya tabbata zai ci kasuwa ba ya buƙatar katanga.

Saura mahaɗa tsakanin tekunan biyu. A lokacin yaƙin 1898 jirgin yaƙin Oregon ya shafe kwana 66 yana kewaya Kudancin Amurka kafin ya isa Florida daga San Francisco. Da majalisar Kolombiya ta ƙi amincewa da sharuɗɗan haƙa mashigi a 1903, sai jiragen Shugaba Theodore Roosevelt suka hana ta murƙushe masu ɓallewa. Sabuwar ƙasar Panama ta karɓi dala miliyan 10 da alkawarin dala 250,000 duk shekara. An buɗe mashigin a Agustan 1914, bayan mutuwar ma'aikata kimanin 5,600, mafi yawansu baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Daga 1904 kuma Amurka ta ba kanta ikon shiga duk ƙasar yankin da ta kasa biyan bashi, kamar yadda ta karɓe kwastan na Jamhuriyar Dominika a 1905.

5.0 Saɓanin Masana

William Appleman Williams a 1959 da Walter LaFeber a 1963 sun tafi a kan cewa neman kasuwa ne jigon wannan mamaya. Tun kafin su, Julius Pratt ya nuna a 1936 cewa yawancin 'yan kasuwa sun yi ɗari-ɗari da yaƙin 1898, don gudun kada ya dagula farfaɗowar tattalin arziki, sai bayan nasarar Manila suka sauya ra'ayi. Akwai hujjojin da ke ƙarfafa wannan. Mafi yawan kayan Amurka Turai ake kai su, kason Sin bai taka kara ya karya ba. Carnegie da kansa yana cikin ƙungiyar adawa da mulkin mallaka da aka kafa a 1898, tare da marubuci Mark Twain. Majalisar dattawa ma da ƙyar ta amince da yarjejeniyar Faris, da ƙuri'a 57 da 27. Bugu da ƙari, aƙidar fifikon farar fata da kishin mishan da gasa da Turawa duk sun taka rawa.

Sai dai ra'ayoyin biyu ba su soke juna ba. Abin da ke motsa masu mulki shi ne kasuwar da suke hange, ko da ba ta samu ba. Kuma da yawa daga cikin masu adawa da mallakar ƙasa ba su yi adawa da mallakar kasuwa ba, saɓaninsu a kan hanya ne.

6.0 Kammalawa

Masana'antu sun ba Amurka buƙata da kuma iko: rarar kaya ta sa aka dubi waje, ƙarfe ya gina jiragen, kwal ya nuna tsibiran da za a kama. Mummunan yaƙin Filifin kuma ya nuna tsadar mulkin kai tsaye, shi ya sa aka fi karkata ga sansani da yarjejeniya da bashi. Wannan salo ya fi na Turawa daɗewa. Filifin ta samu 'yanci a 1946, Panama ta karɓi mashiginta a ƙarshen 1999, amma Puerto Rico da Guam suna ƙarƙashin Amurka har yau ba tare da 'yancin zaɓen shugaban ƙasa ba, Guwantanamo ma tana hannunta. Ga masu nazarin tarihin Afirka, amfanin wannan misali shi ne ya nuna cewa ana iya bar wa ƙasa tutarta a riƙe kwastan da tasharta, tun rabin ƙarni kafin a fara maganar sabon salon mulkin mallaka a wannan nahiya.