Yadda Kiristocin Madaki Ke Auna Zamansu Da Littafi Mai Tsarki

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Madaki ta birnin Gombe ya san cewa gari ba ya wayewa da murya ɗaya. Da asuba ladanai na kiran salla daga masallatai, a wasu gidajen kuma maigida na tayar da iyalinsa domin sujadar safe. Akan taru a falo ko a tsakar gida, a rera waƙa ɗaya, wani yaro ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta 'yan ayoyi, uba ko uwa su yi bayani a taƙaice, a yi addu'a, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Abin ba ya wuce minti goma sha biyar ko ashirin, amma a wurin masu yinsa shi ne ma'aunin da za su auna duk abin da yinin zai kawo.

Kiristocin da ke magana da Hausa suna da kalma ta musamman game da wannan al'ada, watau bimbini. Bimbini ya wuce karatu kawai. Mutum ne zai ɗauki aya guda ya riƙa juya ta a zuci, yana tafe yana tunaninta, yana aiki yana tunaninta, har ta nuna masa inda ya karkace. Zabura ta farko ma da wannan ta buɗe, inda aka kwatanta mai yin haka dare da rana da itacen da aka dasa a bakin rafi. Wasiƙar Yaƙub kuwa ta kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya baya ya manta kamanninsa. Wannan gargaɗi shi ne fastoci suka fi maimaitawa, domin karatun da bai fito kasuwa ba, a ganinsu, bai cika karatu ba.

To, ina wannan al'ada ta samo asali a ƙasar da Buba Yero ya kafa masarauta a zamanin jihadin 1804? Amsar tana kudancin Gombe. A 1917 ne 'yan mishan na ƙungiyar SIM, John Hall da Gordon Beacham, suka sauka a Kaltungo cikin ƙasar Tangale, daga nan aikin ya bazu zuwa Billiri, Tula, Gelengu da sauran garuruwan Tangale da Waja. Abin da suka fi ba ƙarfi tun farko shi ne koyar da karatu, saboda a aƙidarsu kowane mai bi ya kamata ya iya buɗe Littafin da kansa, ba sai ya jira ranar Lahadi wani ya karanta masa ba. Tsofaffi da yawa a wannan yanki ba su taɓa zama a ajin boko ba, amma sun koyi haɗa baƙi a ajin karatu na majami'a, kuma abin da suka fara karantawa shi ne Bishara.

Abu na biyu da ya ƙarfafa al'adar shi ne harshe. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha ɗawainiyarsa shekara da shekaru tare da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa. A wajajen 1980 kuma Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fito da sabuwar fassara mai sauƙin fahimta. Da wannan littafi, Batangale da Bawaje da mutumin Tula ko Cham ko Dadiya, waɗanda ba sa jin harshen juna, suka sami harshen ibada guda. Shi ya sa har yau dattijon da ba Bahaushe ba zai yi hira da 'ya'yansa da yaren gida, amma in ya durƙusa addu'a sai Hausa ta fito.

Da birnin Gombe ya bunƙasa ta hanyar cinikin auduga, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, sa'an nan aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, sai mutanen kudu suka yi ta kwararowa neman aikin gwamnati da sana'a. Sun zauna a unguwanni irin su Madaki, kafaɗa da kafaɗa da Musulmi, sun kuwa zo da littafinsu a cikin kayansu. Ikilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954 daga aikin SIM, ita ce ta fi yawan mabiya a cikinsu. Akwai kuma Katolika, da Baptis, da COCIN, da Angilika, wadda aka kafa wa dayosis a Gombe a 1999, bishop ɗinta na farko Henry Ndukuba ya zama shugaban Angilika na Nijeriya baki ɗaya a 2020.

Yadda ake karatun ya bambanta daga gida zuwa gida. Littafin da yawancin ikilisiyoyin nan ke amfani da shi yana da littattafai 66, da surori 1,189, saboda haka wanda ya lizimci sura uku ko huɗu kullum zai sauke shi cikin shekara. Wasu sukan bi littafin Karin Magana, da yake surorinsa 31 ne, kowace rana ta wata da surarta. Da yawa kuma sun dogara ga ɗan littafin ibada na kullum da ECWA ke bugawa, mai suna Abincin Yini, wanda ke ba da nassin ranar da gajeren bayani. Ban da na gida, akwai nazarin Littafi na tsakiyar mako, da makarantar Lahadi, da taron ƙungiyar Sabon Rai, da kuma Zumuntar Mata.

Ita Zumuntar Mata ta cancanci a tsaya a kanta. Waɗanda ke kallonta daga nesa abin da suke gani shi ne zane iri ɗaya da kiɗan tulu da waƙa. Alhali kuwa a nan ne mata da yawa suke haddace ayoyi, waɗanda ba su iya karatu ba su ji daga bakin waɗanda suka iya. Bayan an karanta nassi akan tambayi juna abin da ya kamata a yi da shi a wannan mako. Daga irin wannan tambaya ce ake yanke shawarar zuwa gaida marar lafiya a asibiti, ko kai wa gwauruwa kwanon hatsi, ko haɗa kuɗin makarantar maraya, ko shiga tsakanin mata da miji da suka sami saɓani. Nassin da aka karanta da yamma, washegari ya zama ƙafa da hannu.

Inda aka fi gwada mai bimbini kuwa shi ne wurin neman abinci. A ɗauki misalin mai sayar da masara da ya karanta da safe cewa Allah na ƙin ma'aunin zamba, kamar yadda sura ta 11 ta Karin Magana ta nuna. Da rana ga mudu a hannunsa, ga tsadar kaya, ga maƙwabcin rumfa da ya bubbuge gindin nasa mudun yana samun riba. Ko ma'aikacin ofis da aka turo wa ambulan domin ya ɗaga wata takarda sama. Ko tela da ya karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da ƙarfinsa, ya san sarai ba zai gama ba. Babu fasto a wurin, babu dattijon ikilisiya, daga shi sai ayar da ya fito da ita daga gida. Wanda ya riƙe ta yakan yi hasarar 'yan kuɗi a ranar, amma unguwa ba ta mantuwa. Hali zanen dutse ne, kuma maƙwabcinsa Musulmi, wanda shi ma addininsa ya tsananta a kan tauye mudu, shi ne farkon mai ba da shaida a kansa.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne a shekarun tashin hankalin Boko Haram. Ranar 5 ga Janairu, 2012, 'yan bindiga suka buɗe wuta a wata majami'ar Deeper Life a cikin Gombe ana tsakiyar addu'a, suka kashe mutum shida aƙalla. A Disamba 2014 bam ya tashi a tashar motar Dukku, a Yuli 2015 kuma wasu suka tashi a babbar kasuwa ana jajibirin ƙaramar salla, mutum wajen 50 suka rasu. Bam bai tambayi addinin kowa ba. A waɗannan kwanaki, Kiristan da ya buɗe Huɗubar Kan Dutse a Matiyu sura 5 ya ci karo da umarnin ƙaunar maƙiyi da yi wa mai tsananta masa addu'a. Wanda ya buɗe Romawa sura 12 ya tarar an hana shi ramuwa. Karanta irin waɗannan ayoyi a lokacin kwanciyar hankali abu ne mai sauƙi, amma karanta su bayan an dawo daga jana'iza sai mai ƙarfin zuciya. Ba kowa ya iya ɗauka ba. Wasu sun yi ƙaura, wasu sun daɗe da ɗaci a rai. Duk da haka mutanen unguwa sun ci gaba da gaisawa, ana kai wa juna abincin salla da na Kirsimeti, ana zaman makoki tare, kuma ba za a raba wannan haƙuri da abin da ɓangarorin biyu ke ji daga littattafansu ba.

Sai dai al'adar tana fuskantar nata ƙalubale. Na farko shi ne gaggawa. Mai fita aiki da sassafe da ɗan makaranta mai tsoron makara sukan mai da sujadar safe abin yi a tsaitsaye. Na biyu shi ne wayar hannu, wadda ta sa Littafin duka a aljihun matashi, amma ta sa masa abubuwa dubu masu ɗauke hankali a gefensa. Na uku shi ne rabuwar harshe a cikin gida ɗaya, kaka na karatu da Hausa, jika da Turanci, har majami'u da dama suka raba sujada gida biyu. Na huɗu, wanda ya fi damun dattawa, shi ne masu tsintar ayoyin alkawarin arziki su bar na gyaran hali, da masu ajiye Littafin ƙarƙashin matashi kamar laya, ba a buɗe shi sai ciwo ya zo.

Maganin da malaman ikilisiya suka fi bayarwa ba sabo ba ne. A karanta kaɗan, a fahimta, a tambayi kai abin da ayar ke nema a yau, kafin rana ta faɗi kuma a aikata ko da abu ɗaya ne. Sannu ba ta hana zuwa. Aya guda da ta hana mutum ƙarya a kasuwa ta fi sura goma da aka bi da gudu.

Darasin bai tsaya ga Kirista kaɗai ba. A ƙasar da wuraren ibada ke cika maƙil amma amana ke ƙaranci, tambayar da ake yi a tsakar gidajen Madaki kowace safiya ta shafi duk mai littafi, kowane iri ne nasa: abin da aka karanta da asuba, wa zai gan shi a jikin mutum da azahar? Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon aikata alherin da muka sani.