Yusef Lateef: Mabushin Amurka Da Ya Zo Zariya Neman Sarewa

A shekarar 1981 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓi wani baƙo daga Amurka, Dokta Yusef Lateef, wanda ya riga ya yi suna a duniya wajen busa saksofon, watau wani ƙahon tagulla na Turawa. Abin da ya kawo shi kuwa shi ne sarewar Fulani, irin wadda makiyaya ke busa wa shanunsu a dajin Dutse da sauran ƙasar Hausa.

An haife shi ran 9 ga Oktoba, 1920, a birnin Chattanooga, ya girma a Detroit. Sunansa na yanka William Huddleston, bayan ya musulunta ne ya canja shi. A 1949 ya shiga ƙungiyar shahararren mabushin nan Dizzy Gillespie, daga baya kuma ya yi aiki da Charles Mingus da Cannonball Adderley.

Tun a wancan lokaci bai yarda ya tsaya inda sauran makaɗan jaz suka tsaya ba. Ya riƙa shigo da kayan busa na Larabawa da Indiyawa masu kama da algaita cikin kiɗansa. Kalmar jaz ɗin ma ƙin ta ya yi, don yana ganin ƙasƙanci ce ga sana'ar.

Shekara huɗu ya yi a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta jami'ar, yana bincike, yana koyarwa, yana zama da makaɗan gargajiya. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas. Har ila yau, shi da Ziky Kofoworola sun wallafa littafi kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa a 1987. Faifan da ya fitar a wannan shekara ya ci kyautar Grammy.

Allah ya yi masa rasuwa ran 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

Abin lura a nan shi ne, sarewar da waɗansu 'yan boko ke ɗauka wasan yaran kiwo ce, ita ce wannan gwani ya ƙetaro teku domin ya koya. Ya kamata masu kula da al'adu a Jihar Jigawa su nemi mabusan da suka rage, a ɗauki busarsu a adana, tun ba su ƙare ba.